Ɗantani da Dawar da Ke Zaɓen Waƙa

A Badafi, in shekara ta zo ƙarewa, abu biyu ake jira: inda farashin masara zai tsaya, da abin da Ɗantani mai injin niƙa zai rubuta a ƙofar shagonsa. Na farkon dattawa ke jira. Na biyun na samari ne, ko da yake dattawan ma in sun zo wucewa sukan yi tsaki, su rage sauri, su saci kallo.

Ƙofar ta langa-langa ce, ta sha garin dawa har ta yi furfura. Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Disamba, in an sauko daga masallaci, Ɗantani yakan goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauki alli, ya jera waƙoƙin gambarar zamani goma, waɗanda samari ke cewa hip-hop, da suka fi kwanta masa a rai a shekarar. Daga ta goma yake farawa, can ƙasa, yana durƙushe, yana hawa yana hawa, har ya miƙe tsaye a kan ta ɗaya. Shekara goma sha huɗu ke nan bai fasa ba.

Wanda bai san shi ba zai zaci wani matashi ne mai askin banza da wando a gwiwa. Ina! Magidanci ne mai shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya biyar da ɗan tumbi, ga hula zanna da ta daɗe da manta launinta. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar kawunsa ya tsayar da shi a gindin injin nan, tsohon inji mai shan gas wanda sai an murɗa shi da hannu an yi masa magiya yake tashi. Kawun ya rasu, inji ya zama nasa, ko kuma shi ya zama na inji, don har yau ba a tantance wanda ya mallaki wani ba.

Injin ne ma ya haɗa shi da waƙar. Ya gwada rediyo a shagon, inji ya haɗiye ta. Ya gwada kaset na kalangu, na goge, na garaya, duk inji ya tauna ya zubar kamar dusa. Sai wata rana wani direba daga Kwanar Dangora ya kawo niƙa ya manta kaset ɗinsa. Turanci ne zalla, Ɗantani ko kalma ɗaya bai tsinta ba, amma gangar ta bi ta ƙarƙashin ƙarar inji ta zo ta same shi a ƙirji, dum, dum, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Tun ranar ya buɗe mata, bai sake rufewa ba.

Da yaran arewa suka fara yin abin da Hausa, sai Ɗantani ya tashi daga mai jin ganga ya koma alƙalin magana. Yakan ce ganga tukunya ce kawai, magana ce tuwon. Wanda ya zagi uwar wani, ko gangarsa na tayar da gurgu, ba ya hawa ƙofar. Kuma abin da bai ji a ransa ba, ba ya rubutawa ko wa ya aiko. An taɓa yin wani mawaƙi daga Tudun Wada da ya aiko masa da zakara tiƙeƙe tare da waƙarsa. Ɗantani ya saurari waƙar sau biyu, ya mayar da zakaran a kan babur, alhali matarsa Luba har ta wasa wuƙa ta dafa ruwan figa. Ta yi kwana uku tana zuba masa miya ba man shanu.

Da haka sunan ƙofar ya fita. Muzammil, mai tura wa mutane waƙa a waya a Kwanar Dangora, shi ke kawo masa sababbin waƙoƙi a memori duk wata, kuma duk ƙarshen shekara yakan zo ya ɗauki hoton ƙofar, ya je ya haɗa su wuri ɗaya. Direbobi na tsayawa su ce, "Zuba min Goman Ɗantani." An ce har a tashar Doguwa an ji ana tambayarsu.

To, amma inji ba ya ba da aron komai kyauta. Ya ba shi waƙa, ya zo karɓar kunne.

Na dama ne ya fara tafiya, a hankali, kamar baƙon da ba ya son a raka shi. Sai na hagu ya fara wani ƙugi, zuuu, dare da rana. Bara waccan yana tsintar rabin maganar waƙa, yana cike sauran da hankali. Bara yana tsintar kwata. Bana kuwa, in ya manna kunnen hagu a jikin sifika, abin da yake ji bai wuce amon tabarya daga unguwa ta uku ba. Maganar mutum, sai an matso an ɗaga murya kamar ana kiran wanda ke tsallaken kogi.

Ya je asibiti a Kano a ɓoye, ya ce wa Luba bel ɗin inji zai sayo. Likita ya leƙa, ya sa masa wani abu a ka, ya yi rubutu mai yawa, sannan ya rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe cewa abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma in yana son ya tsira da shi, sai ya rabu da inji. Ɗantani ya karanta, ya yi dariya, ya ce, "Likita, yaran kuma in ba su takardar nan su ci?" Ya ninke ta ya sa a aljihu. A hanyar dawowa ya sayi bel ɗin da ba ya buƙata.

Ya ƙudura ba wanda zai sani. Kuma in dai ɓoye kurumta ake so, duk duniya babu maɓoya kamar shagon niƙa: kowa ihu yake, kowa da hannu yake nuna laushi ko tsaki-tsaki. A masallaci kafaɗar na kusa da shi yake bi. A majalisa ya riƙe kalma biyu, "Ikon Allah," ya ga suna shiga kowace magana, ta daɗi da ta baƙin ciki, ba a taɓa kama mutum da su ba.

Saura waƙa. Nan ne ya yi dabarar da yake ganin ko boka bai isa ya gano ba. Ya sace wani ƙaramin faifai na kaba a ɗakin Luba. In azahar ta yi ya kashe inji, ya tura ƙofa, sai ya kwantar da sifika ta kalli sama, ya ɗora faifai, ya zuba ƙwayar dawa kaura cikin tafin hannu ɗaya, ya kunna waƙa. Sai dawa ta hau rawa. Wata waƙar ta sa ta tsalle wuri ɗaya kamar 'yan makarantar firamare. Wata ta kore ta gefe guda. Wata kuwa ta sa ta taru a tsakiya, ta watse, ta sake taruwa, har ya ji tsigar jikinsa na tashi. Da haka ya gane mai gaggawa da mai nutsuwa, ya gane inda mawaƙi ke tsayawa ya ja numfashi. Har sunaye ya raɗa musu a ransa: Mai Tsalle Uku, Korar Kaji, Amarya Ta Yi Fushi. Sunayensu na gaskiya kuwa yana kwafowa daga fuskar waya. Da taimakon alƙalan nan nasa ya haɗa tara daga cikin goman bana, yana lallashin zuciyarsa cewa ai ido ma hanyar rai ce, ba ƙarya ya yi ba.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu a rubuta ƙofa, Sagir ya zo.

Sagir mai facin taya ne a Kwanar Dangora, ɗan Kiru, shekararsa ashirin da takwas, dogo siriri kamar sandar rake. Sau uku yana kawo waƙarsa a shekarun baya, sau uku Ɗantani na sallamarsa. Ta farko ya ce masa ta fi kama da cigiyar akuya. Ta biyu ya ce aron bakin wani ya yi ya ci albasa. Ta uku ya ce, "An fara jin ƙamshi, amma tuwon bai nuna ba." Sagir bai taɓa fushi ba. Duk wanda ya yaba masa, sai ya ce, "Bari dai Kawu ya ji," don haka yake kiran Ɗantani.

Ya tarar an kashe inji, mata uku na jiran a tashe shi, cikinsu har da Iya Maimuna mai ƙosai, ƙanwar kakar Ɗantani, wadda ta haura tamanin amma bakinta bai tsufa ba. Sagir ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya matso dab da kafaɗar Ɗantani ta hagu, ya ɗaga murya.

"Kawu, na kawo ta ƙarshe! In ka ce ta yi, zan ci gaba. In ka ce ba ta yi ba, wallahi na ajiye, in kama facina da hannu biyu!"

"Kai dai ba ka gajiya," in ji Ɗantani. "Sa mu ji."

Aka sa memorin da ya kawo a waya. Ɗantani ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido rabi, irin zaman masu sauraro, ya ɗora tafin hannu a kan sifika kamar ba da niyya ba. Ya jira ganga ta ƙwanƙwasa. Shiru. Wani ɗan motsi kawai yake ji siriri, kamar kyanwa na numfashi a ƙarƙashin hannunsa. Ya saci kallon waya, ya ga lambobi na tafiya, waƙa dai ana yin ta. Ashe ja'irin yaron nan, duk shekarun da zai yi waƙa ba ganga, sai bana.

Sai ya ɗaga ido ya dubi mutane. Matar da ke ɗaure bakin buhu ta saki igiya. Ɗayar ta dafe haɓa. Iya Maimuna, wadda ta sha cewa waƙoƙin nan haushin karnuka ne da aka sa wa ganga, ta ja bakin mayafi tana goge ido, tana yi kamar gari ne ya faɗa mata. Shi kuwa Sagir ba ya kallon kowa sai shi.

Waƙa ta ƙare, ko dai ya ga alamar ta ƙare, don matar nan ta koma kan igiyarta.

"Ikon Allah," in ji Ɗantani.

"Kawu, ta yi?"

"Kai, ana yanka sa a tsaye ne? Bar min ita zuwa Juma'a."

Da azahar ya tura ƙofa ya kira alƙalai. Ya zuba kaura a faifai, ya ƙure sautin. Dawa ta kwanta abinta kamar an yi mata allurar barci. Ya canza ta da gero, ko shi da yake mara nauyi zai motsa. Gero ya ɗan yi shiru-shiru, ƙwaya ɗaya ta juya ta gyara kwanciya. Ya manna kunnen hagu har sifika ta yi masa shaida a kumatu. Zuuu kawai, nasa na gado.

Ranar Laraba ya kai wa Luba wayar tana tankaɗe a tsakar gida.

"Luba, ɗan rubuta min abin da yaron nan ke faɗa. Cinye kalmomi yake, ba a gane shi."

Luba ta dube shi, dubawar da ta ɗan fi ƙarfin tambayar. Ta karkaɗe hannu, ta yago takarda daga littafin Khairiyya, babbar 'yarsu, ta zauna a kan turmi tana saurara tana rubutawa. Sau biyu tana tsayawa tana kallon ƙasa. Da ta gama ta miƙo masa, ta matso kusa da kunnensa.

"Baban Khairiyya, ba ya cinye ko ɗaya!"

Waƙar ta mahaifin Sagir ce, shekarar da tumatir ya yi kwantai. Tsoho na zaune a bakin titi da kwando goma sha biyu, yana ɗaga wa kowace mota hannu, motoci na wucewa. Akwai inda aka ce rana tana cin tumatir, Baba yana azumi ba a watan azumi ba. Akwai inda tsohon ya dawo gida da yamma ya wanke hannu ya ce wa yara kasuwa ta yi kyau.

Ɗantani ya karanta sau biyar. Magana dai ta yi, wannan ko makaho ya shafa ya san ta yi. Amma takarda ba waƙa ba ce. Ya sha ganin magana mai kyau da mawaƙi ya kashe ta da gaggawa, ko ya jiƙa ta da kukan ƙarya har ta lalace. Ina Sagir ya tsaya? Ina ya ja? Wurin azumin nan, ɗaga murya ya yi ko sauke ta? In ɗagawa ya yi, ya ɓata. In saukewa ya yi, to yaron ya zama mawaƙi. Amsar tana nan cikin waya, a tafin hannunsa, ta fi kusa da shi fiye da hularsa, kuma ba shi da hanyar zuwa wurinta.

Ya auna rubuta ta a ta ɗaya. Hawayen Iya Maimuna ai shaida ne. Amma Iya ta taɓa kuka don an yanka tunkiyarta, kuma in ya rubuta, da kunnen aro ya rubuta, ga yaro zai ɗora rayuwarsa a kai. Ya auna barin ta. Sai ya tuna fuskar Sagir, da hannu biyun da ya ce zai kama faci da su. Ranar Alhamis ya niƙa wa wata mata masara sau biyu, alhali tsaki ta ce a yi mata, ya mayar mata da ita gari kamar hoda.

Juma'a aka sauko daga masallaci. Samari sun cika gaban shago, wasu a kan babura. Muzammil ya iso da wayarsa a hannu. Iya Maimuna ta kafa kujerarta a gefe, wai ita rana take sha. Sagir na can baya, ya sa farar riga.

Ɗantani ya goge ƙofa, ya durƙusa. Ta goma. Ta tara. Yana ganin bakuna na motsi, wani na tafi, wani na kama kai don tasa ta faɗo ƙasa. Ya hau, ya hau, gwiwa na ƙara, har ta biyu. Ya miƙe tsaye. Ya rubuta lamba ɗaya, ya sa mata ɗigo. Alli ya tsaya.

Ya daɗe a haka, har ya ji idanun mutane na yi masa nauyi a ƙeya. Sannan ya juyo. Da yake ya manta yadda ake auna murya, abin da ya so ya faɗa a hankali sai ya fito kamar shela.

"Jama'a, ni fa kurma ne! Bana ban ji ko ɗaya ba. Taran nan ma dawa ce ta zaɓa!"

Ya jira ƙasa ta tsage. Sai ya ga Iya Maimuna ta taso tana dogara sanda, ta kamo kunnensa na hagu ta jawo shi ƙasa daidai bakinta.

"Sannu da kawo labari, angona! Shekara biyu muna tsage maƙogwaro a kanka, kai kana zaton duk garin ne aka koma faɗa? Na ce maka jikata ta haihu, ka ce ikon Allah. Na ce maka ka ƙona min wake, ka ce ikon Allah!"

Dariya ta tashi, yana ganinta a haƙora. Muzammil ya matso yana sosa ƙeya.

"Oga, ai tun bara nake jero maka masu nauyin ganga a farkon memori! Kuma faifan nan, Inna Luba ta ce a bar maka, ta sayi wani!"

Ɗantani ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ashe sirrin da ya yi shekara biyu yana dako, gari guda ne ke taya shi ɗauka, kowa ya kama gefe, ba wanda ya gaya masa. Bai san ko godiya zai yi ko kuka ba, sai ya gyara hula.

Sagir ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ratso mutane ya zo.

"Na sani, Kawu! Cewa na yi ko da ɗan sauran ji!"

"Zo nan," in ji Ɗantani. "Yi ta da bakinka. Daga wurin azumin nan."

Ya kai hannu ya kama maƙogwaron yaron. Sagir ya zabura.

"Kawu, in ba ta yi ba ai sai ka faɗa, ba sai ka shaƙe ni ba!"

"Yi mana, sarkin tsoro."

Sagir ya fara. Wurin ya yi tsit, ko dai Ɗantani ya ga bakuna sun rufe. A ƙarƙashin yatsunsa wani abu na rawa, kamar ɗan tsako a tafin hannu, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya tsaya, ya sake kamawa. Ya rufe ido ya bi shi da duk abin da ya rage masa. Ya kusa. Wallahi ya kusa, kamar mai miƙa hannu cikin rijiya yatsa na taɓa igiyar guga. Sai rawar ta tsaya.

Ya sauke hannu.

"Na ji muryarka na rawa," ya ce. "Amma ko gwaninta ce, ko tsorona kake ji, ban sani ba."

"To in ci gaba, ko in ajiye?"

"Tambayi masu kunne, Sagir. Ga su nan cike da gari."

"Masu kunne sun ce ta yi! Ta cigiyar akuyar ma cewa suka yi ta yi! Kai kaɗai ne ka taɓa gaya min gaskiya!"

Ɗantani ya buɗe baki. Ikon Allah ta zo masa har kan harshe, ya mayar da ita.

"Gaskiyar ke nan na gaya maka," ya ce. "Ban sani ba."

Sagir ya durƙusa ya yi sallama kamar yadda ya saba, ya hau babur ɗinsa. Bai karɓi memorinsa ba, Ɗantani kuma bai miƙa ba. Muzammil ya ɗauki hoton ƙofa yadda take. A Kwanar Dangora bana Taran Ɗantani ake turawa, direbobi na ƙorafin an rage musu mudu. Sagir yana nan yana faci. Masu wucewa sun ce wani lokaci bakinsa na motsi in yana duba taya a cikin ruwa, amma ba wanda ya san ko waƙa yake ko lissafin ƙusa.

Lamba ɗaya tana nan a saman ƙofa da ɗigonta, gari na rufe ta a hankali. Memorin kuwa yana cikin naɗin hular Ɗantani. Ran nan da azahar ya kashe inji, bai ma tura ƙofa ba tunda ba sauran abin ɓoyewa, ya kwantar da sifika, ya ɗora faifai, ya zuba kaura, ya sa waƙar Sagir. Ya zauna a kan buhu ya zuba tagumi yana kallo. Dawa ba ta motsa ba. Can sai kazar maƙwabta ta leƙo, ta dube shi da ido ɗaya, ta hau faifai ta fara tsince alƙalan ɗaya bayan ɗaya. Bai kore ta ba.